Zanen jikin mutanen Polinesiya: daga ina ya faro, kuma me yake nufi a wajen masu shi?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace yana yawan ganin 'yan resilin irinsu Roman Reigns da The Rock da kuma 'yan wasan rugbi da wani baƙin zane da ya rufe musu kafaɗa har hannu, an ce masa wai na gargajiyar Polinesiya ne. Sannan ya ci karo da wani jadawali a intanet da ake cewa haƙorin kifin shak na nufin ƙarfi, kunkuru na nufin tsawon rai, da dai sauransu. Shine yake son sanin asalin abin, da ma'anarsa, da kuma ko jadawalin nan abin dogaro ne.

Malam ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don al'adun tsibiran Fasifik fanni ne da na daɗe a cikinsa ina karantawa ina koyarwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe tunda ita tafi sauƙi: jadawalin nan ka ajiye shi gefe. Gaskiya ne zanukan suna da sunaye, kuma da yawansu sunayen halittun teku ne da tsirrai da tsuntsaye, amma wannan tsarin na "wannan na nufin kaza, wancan na nufin kaza" yawancinsa masu shagunan tatu ne suka shirya shi a 'yan shekarun nan don kwastoma ya samu abinda zai nuna da yatsa ya zaɓa. A wajen mutanen kansu abinda ake dubawa shine waye yayi maka, a gaban su wa akayi, a wane ɓangare na jiki, sannan wane nauyi ne ya hau kanka bayan an gama. Kuma ka sani tarihin mutane nake baka, maganar hukuncin zanen jiki a addini malamai sun riga sun yi bayaninta, ba ita ce a gabanmu ba.

Polinesiya dai ba ƙasa ɗaya bace. Tsibirai ne sama da 1,000 warwatse a tekun Fasifik, idan ka ja layi daga Hawayi a arewa zuwa Niyu Zilan a kudu maso yamma zuwa tsibirin Rapa Nui can gabas, abinda ya faɗo ciki shine Polinesiya: Samowa, Tonga, Tahiti, tsibiran Markesas, tsibiran Kuk da sauransu. Kakanninsu sune mutanen da masu tonon kayan tarihi suke kira Lapita, gwanayen tuƙa kwalekwale ne da suka iso Fiji da Tonga da Samowa kimanin shekara 2,800 zuwa 3,000 da suka wuce. Tukwanen da suka bari suna ɗauke da ado da aka yi ta hanyar danna wani abu mai haƙora a jikin laka tun tana ɗanya, kuma duk wanda ya san zanen jikin yankin idan ya kalli tukwanen nan zai ga dangantaka. Hujja mafi ƙarfi kuwa a tsibirin Tongatapu na Tonga aka same ta, wasu ƙananan kayan zane guda 4 na ƙashi, da aka auna shekarunsu aka wallafa sakamakon a 2019 sai ya nuna sun kai wajen shekara 2,700, biyu na ƙashin tsuntsu ne, biyu kuma masu binciken sunce da alama ƙashin mutum ne. Abinda yafi burge ni shine sifarsu kusan iri ɗaya ce da wadda ake aiki da ita yau a Samowa. Wato kayan aikin ma basu canza sosai ba a duk tsawon lokacin nan.

Zan daɗe akan Samowa, saboda ita ce inda sana'ar bata taɓa yankewa ba, daga kaka zuwa jika har yau.

Na maza sunansa pe'a, yana farawa daga saman ƙugu wajen haƙarƙari ya sauko ya rufe ɗuwawu da cinyoyi har ƙasan gwiwa, akwai wuraren da ake cikewa da baƙi ƙirin akwai na siraran layuka. Lokacin da jiragen Jacob Roggeveen ɗan Holan suka wuce ta wajen a 1722, mutanensa da suka hango 'yan Samowa daga nesa sun ɗauka wani matsattsen wando ne na siliki a jikinsu. Na mata sunansa malu, daga cinya zuwa ƙasan gwiwa, shi bashi da cikon baƙi, ƙananan alamomi ne a jere kamar taurari da wani mai kusurwa huɗu a bayan gwiwa, kuma a da 'yar babban basarake wadda ake kira taupou ita aka fi sani da shi, don ita ke tarbar baƙi ta dama musu abin shan 'ava a taron sarakai.

Mai yin aikin ana ce masa tufuga ta tatau, kuma ba kowa ke tashi ya zama ba, gidaje biyu ne suka gaji sarautar, Sa Su'a da Sa Tulou'ena. A nan ne abin yafi kusa da abinda muka sani, tsagar gado da wanzami ke yi wadda da ka kalli fuskar Bagobiri ko Bakabe ka san daga inda ya fito, kuma askar ma gado ce a gidan wanzamai. Bambancin shine namu ana yiwa jinjiri ne bai san anyi ba, nasu kuwa sai mutum ya girma ya kawo kansa da ƙafarsa, da iznin iyayensa da dangi, ya kwanta yana ji yana gani.

Kayan aikin ana kiransa 'au. Ɗan guntun hauren alade ne ake fere shi a fitar masa da ƙananan haƙora masu tsini, a ɗaure shi a jikin ɓallin ƙoƙon kunkurun teku, a ɗaure wannan kuma a bakin siririn sanda. Akwai mai faɗi na cike baƙi, akwai ɗan mitsitsi na ɗige-ɗige. Tufuga zai tsoma haƙoran a tawada ya ɗora a fata ya dinga bugun sandan da wani sandan da ake kira sausau. Tawadar a da baƙin hayaƙin wani ƙwallon itace ne mai maiƙo da suke kira lama, a ƙona shi a tara baƙin a kwaɓa da ruwa.

Na taɓa zama a wani gareji a kudancin birnin Oklan na Niyu Zilan da aka share aka shimfiɗe da tabarmi ana yiwa wasu 'yan'uwa su biyu, don a al'ada ba a so mutum ya shiga shi kaɗai, sai da abokin wahala da suke kira soa. Kafin in shiga sai da aka bani zani na ɗaura, aka ce in zauna in naɗe ƙafa, ba a tsayuwa akan tufuga kuma ba a gittawa ta bayansa. Saurayin yana kwance rub da ciki, samari uku sun danne fatar cinyarsa da tafin hannu sun ja ta tayi tsantsan, ɗaya na goge jini da tawada da tsumma bayan kowane 'yan bugu, sannan ga ƙarar nan kas kas kas kas da bata tsayawa sai in za a tsoma tawada. Mahaifiyarsa na zaune wajen kansa tana masa fifita, 'yan'uwansa mata na gefe suna rera waƙa a hankali don su ɗauke masa hankali, shi kuma ya cusa fuska a matashi hawaye na zuba amma ko motsi baiyi ba. Da aka zo wajen gwiwa inda ƙashi ke kusa da fata, wallahi ni da nake kallo sai da na kau da kai. In an tashi na ranar sai a kama shi a kai shi wanka, 'yan'uwa maza su dinga matsa wajen suna wankewa don kar yayi ruwa, gobe kuma a dawo a ɗora daga inda aka tsaya, akan jikin da ya riga ya kumbura. Haka za ayi ta yi sati biyu ko fiye, a da ma har watanni. Cibiya ita ce ta ƙarshe, in ba a yi ta ba to ba a gama ba. Daga nan sai bikin kammalawa, a shafe shi da man kwakwa da gangamau, a fasa masa ƙwai a ka, dangi su kawo wa tufuga lada, kuɗi da abinci da tabarmin nan masu laushi na alfarma da ake kira 'ie toga waɗanda sune dukiyar girma a Samowa.

To ga inda ma'anar take. Wanda ya kammala ana kiransa soga'imiti, kuma daga ranar an san shi a matsayin wanda zai iya yiwa masu sarauta, wato matai, hidima: shi zai raba 'ava a taro, shi za a aika, shi zai tsaya a aikin gayya, kuma ana sa ran ya iya maganar girmamawa ta fada. Suna da karin magana da ke cewa hanyar mulki ita ce hidima, kuma pe'a shaida ce cewa mutum ya shiga wannan layin. Wanda ya fara ya gudu saboda zafi kuwa ana ce da nasa pe'a mutu, yankakke, abin kunya ne da yake bin gidansu gaba ɗaya, zaka ga mutum ya tsufa baya yarda ya tuɓe a gaban jama'a. Shi yasa dangi basa barin yaro ya fara sai sun tabbatar zai kai ƙarshe, shi yasa kuma suke taruwa su zauna dashi. Babu jadawalin da zai gaya maka wannan.

Suna da tatsuniyar asalin abin ma. Wasu tagwaye mata, Taema da Tilafaiga, suka yo iyo daga Fiti, wato Fiji, ɗauke da kwandon kayan zane, suna tafe suna maimaita saƙon da aka basu cewa mata ake yiwa banda maza. Da suka kusa Falealupo a tsibirin Savai'i suka hango wata ƙatuwar kumba a ƙasan ruwa suka nutsa ɗaukowa, ko da suka ɗago saƙon ya juye musu, suka koma cewa maza ake yiwa. Kuma da gaske a Fiji ta da mata ne ake yiwa zane.

Na Maori a Niyu Zilan, waɗanda suka isa can wajen shekarar 1250 zuwa 1300, ya fita daban. Sunansa ta moko, kuma nasu na fuska a da sassaƙa fatar akeyi da ɗan ƙaramin cizal na ƙashin wani babban tsuntsun teku, uhi ake ce masa, a tsaga a zuba baƙi, in ya warke ya bar kwari-kwari da zaka ji da yatsa. Fuska kan kumbura har mutum ya kasa tauna, ga shi kuma a lokacin yana cikin tapu, wato haramcin da ya hana shi taɓa abinci da hannu, don haka ake ɗura masa abinci mai ruwa ta wani mazurari na katako da aka yiwa sassaƙa, korere, akwai su a gidajen tarihi har yanzu. Maza fuska duka da cinya da ɗuwawu, mata kuma leɓe da haɓa, moko kauae. Moko na tafiya ne da whakapapa, wato salsalar mutum, kuma babu mutum biyu masu iri ɗaya, har ta kai sarakunansu in za su sa hannu a takardar filaye da Turawa sai su zana moko ɗinsu a wajen sa hannu, wasu ma haka suka yi a yarjejeniyar Waitangi ta 1840. Wani basarake Te Pehi Kupe da ya je Ingila, a 1826 ya zauna ya zana duk na fuskarsa da ka ba tare da madubi ba.

A da mutanen Markesas sune suka fi kowa cika jiki, namiji tun daga fatar kai har yatsun ƙafa har fatar ido, aikin shekaru masu yawa. In za a yiwa ɗan farin basarake sai a gina ɗaki na musamman, samarin da suka taya gini da hidima suma a yi musu a aljihun uban. Yarinya kuma sai an zana mata hannun dama kafin a yarda ta kwaɓa popoi, abincinsu na yau da kullum. Masanin al'adu Alfred Gell ya fassara wannan da cewa naɗe mutum akeyi da wata fata ta biyu don kariya, ya kuma lura da wani abu da mutane basa zato: wasu daga cikin sarakuna mafiya tsarki ba a yi musu sam. Tu'i Tonga, babban sarkin Tonga na da, misali, jikinsa yafi ƙarfin wani ɗan Tonga ya zubar masa da jini, in har za ayi sai dai 'yan Samowa suyi. A Hawayi kuma har na makoki akwai, ɗan mishan William Ellis ya rubuta yadda ya tarar da sarauniya Kamamalu a 1823 ana zana mata harshe saboda rasuwar surukarta. Kuma a zanen da Jacques Arago Bafaranshe yayi na mutanen Hawayi a 1819 zaka ga awaki da bindigogi a jikinsu, abubuwan da Turawa suka kawo ba da daɗewa ba, kaga kenan tun a da ɗin ma zanen yana karɓar sabon abu.

Zuwan Turawa shi ya watsa labarin a duniya kuma shi ya kusa kashe abin. Kyaftin James Cook ya sauka Tahiti a 1769, Joseph Banks da ke tare dashi ya rubuta bayanin yadda ake yi, matuƙan jirgi suka fara karɓa suna komawa gida dashi, sannan a 1774 aka kai wani saurayi mai suna Mai, ɗan tsibirin Ra'iatea, Landan aka dinga zuwa kallonsa. 'Yan mishan na Landan suka sauka Tahiti a 1797, bayan sarki Pomare na biyu ya karɓi Kiristanci dokokin da aka fara kafawa daga 1819 a Tahiti da tsibiran makwabta suka haramta zanen. Tonga ta hana a ƙarshen shekarun 1830 a ƙarƙashin sarkin da ya zama George Tupou na ɗaya. A Markesas Faransawa suka hana, ga cututtukan da aka shigo dasu sun cinye jama'a, daga dubun dubata aka dawo wajen mutum 2,000 a shekarun 1920, to ina masu yi ina waɗanda za a yiwa.

Mafi muni a wajena shine abinda ya faru da Maori. A da suna da al'adar busar da kan mamaci mai moko su adana, na masoyi don tunawa, na abokin gaba don cin fuska ko don sulhu daga baya. Da Turawa suka nuna suna so, a lokacin da ƙabilu ke rububin bindiga a shekarun 1820, sai kawunan suka zama kayan musaya, har aka ruwaito ana yiwa bayi moko a kashe su don a sayar. Gwamna Darling na Sidni a Ostireliya ya haramta cinikin a 1831, amma lokacin ɗaruruwa sun riga sun watsu a gidajen tarihin Turai da Amurka. Tun 2003 gidan tarihin Te Papa da ke Welintin ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana dawo dasu gida, Faransa sai da majalisa tayi doka a 2010 kafin birnin Rouen ya mayar da guda a 2011, aka ƙara mayar da 20 a 2012. In an dawo dasu tarba akeyi da kuka da addu'a kamar yadda ake tarbar gawar ɗan'uwa, don kakannin wasu ne. Moko ɗin fuskar maza ya ja baya sosai daga tsakiyar ƙarni na 19, amma tsofaffin mata suka riƙe na haɓa har cikin ƙarni na 20, kuma ni a ganina su ya kamata a fara yiwa godiya.

Me yasa Samowa ta tsira? John Williams ya kawo mishan Sapapali'i a 1830, kuma cocinsa ta yaƙi zanen, amma mulki a Samowa a hannun matai na ƙauye-ƙauye yake, babu sarki ɗaya da zai sa hannu a doka kowa ya bi, in an hana a wannan gari sai samari su tsallaka wancan. Sannan Katolika da suka zo a 1845 basu tsananta ba. Uwa uba kuma tsarin sarautar na buƙatar soga'imiti, to muddin ana taron 'ava dole a ci gaba da yin pe'a.

Daga wannan tushen da ya rage ne sauran suka ɗebo. Su'a Sulu'ape Paulo na biyu ya koma Oklan a shekarun 1970 yana yiwa 'yan Samowa mazauna can, ya kuma koyar da 'yan wasu tsibiran har rasuwarsa a 1999, Keone Nunes da ya farfaɗo da na Hawayi da kayan gargajiya a wajensa ya samu horo. A Tahiti a farkon shekarun 1980 'yan Samowa aka gayyato suka yi na farko, aka koma kan zanukan da Karl von den Steinen Bajamushe ya kwafa a Markesas a 1897 da na Willowdean Handy na farkon shekarun 1920 ana dubawa ana maidowa. A 1986 hukumar lafiya ta can ta hana kayan ƙashi da katako saboda wahalar tsabtace su, wannan ya tura da yawa ga inji. Yanzu su kansu tufuga na Samowa da yawa sun koma haƙoran ƙarfe da roba da za a iya dafawa a kashe ƙwayoyin cuta, da safar hannu, bugun dai na hannu ne kamar da. A Niyu Zilan Nanaia Mahuta ta sa moko kauae a 2016 tana 'yar majalisa, ta zama ministar harkokin waje a 2020 da shi a haɓarta, Oriini Kaipara kuma, ita ma da shi a haɓarta, ta karanta babban labaran yamma a talabijin a ƙarshen 2021.

Wanda kake gani a kafaɗar 'yan resilin kuwa salo ne na zamani, ana haɗa alamomin Samowa da na Markesas da na wasu tsibiran a tsara su yadda zasu bi damtse, kuma yawanci da inji ake yi. Baya rasa daraja a wajen mai shi, The Rock jinin Samowa ne ta wajen uwa, kuma kakansa Peter Maivia cikakken pe'a ne dashi, amma na kafaɗa baya mai da mutum soga'imiti. Game da baƙi kuma ra'ayi ya rabu, gidan Sulu'ape sun yiwa waɗanda ba 'yan Samowa ba pe'a tun da daɗewa kuma wasu 'yan ƙasar basu ji daɗi ba, Maori su kuma suka ware wani nau'i da suke kira kirituhi, mai kama da salonsu amma babu salsalar kowa a ciki, don baƙo ya ɗauka ya bar musu moko. Inda kusan kowa ya haɗu shine ƙin a kwashi zanen a buga a kaya a sayar, a 2013 kamfanin Nike ya fitar da matsattsen wandon motsa jiki na mata da zane irin na pe'a, wanda na maza ne zalla, 'yan Fasifik suka yi ca har kamfanin ya janye shi ya bada haƙuri.